Insha'in Muhawara: Yadda Ake Kafa Hujja a Rubuce

Idan mutum biyu suka tsaya a bakin hanya, wannan yana cewa "haka ne", wancan yana cewa "ba haka ba ne", kowa yana ɗaga murya, Bahaushe yakan ce suna musu ko gardama. Musu ba ya bukatar shiri, kuma sau da yawa akan rabu kowa yana kan bakansa. Muhawara daban take. A muhawara akwai batu guda da aka tsayar, akwai ɓangarori biyu, kuma kowane ɓangare yana kawo hujjojinsa bi da bi domin ya shawo kan mai saurare. Idan aka yi wannan aiki a takarda, shi ake kira insha'in muhawara.

Wannan insha'i ya bambanta da sauran. A insha'in labari muna faɗin abin da ya faru. A insha'in siffantawa muna nuna kamannin abu. A insha'in muhawara kuwa muna neman mai karatu ya yarda da mu, alhali wataƙila da ya ɗauki takardar ra'ayinsa ya saɓa da namu. Kuma ba ya gabanmu, balle ya tsayar da mu ya yi tambaya. Saboda haka dole mai rubutu ya hango tambayoyinsa tun kafin ya yi su, ya amsa masa su a cikin rubutun.

Batu da matsaya

Ba kowace magana ce ake muhawara a kanta ba. Idan aka ce "Abuja ce babban birnin Nijeriya", babu abin ja, domin tun watan Disamba na 1991 aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya can daga Legas. Idan kuma aka ce "Tuwon shinkafa ya fi sakwara daɗi", wannan ɗanɗano ne, kowa da nasa, babu hujjar da za ta sauya bakin mutum. Batun muhawara shi ne wanda masu hankali za su iya saɓawa a kansa, kuma kowane ɓangare yana da abin da zai iya nunawa.

A wannan darasi za mu yi aiki da batu guda daga farko har ƙarshe: "Ya kamata a koyar da yaran firamare da harshen uwa maimakon Turanci." Batu ne da ya daɗe yana raba kan malamai da iyaye a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan manufa, aka koma Turanci. Ke nan duk ɓangaren da ɗalibi ya ɗauka, akwai manyan masana da suka riga shi tsayawa a wurin.

Abu na farko shi ne ɗalibi ya ɗauki matsaya. Matsaya ita ce jimla guda da take faɗin ɓangaren da mai rubutu yake, a fili, ba tare da kwana-kwana ba. Misali: "Ina goyon bayan a koyar da yaran firamare da harshen uwa." Ko kuma: "Ban yarda a koyar da yaran firamare da harshen uwa ba." Ɗalibai da yawa sukan ji tsoron zaɓe, sai su rubuta cewa ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya, su tsaya a nan. Wannan ya zama insha'in bayani. Mai duba takarda ya ce a goyi baya ko a soka, don haka wanda bai yi ko ɗaya ba bai amsa tambayar ba.

To, wane ɓangare za a ɗauka? Kafin ku yanke shawara, ku raba takardar gwaji gida biyu. A dama ku jera abin da masu goyon baya za su ce, a hagu abin da masu suka za su ce. Ku ɗauki ɓangaren da kuka fi samun hujjojin da za ku iya bayyanawa da Hausa mai kyau, ko da zuciyarku ta fi karkata ga ɗayan. Wannan ba yaudara ba ce. Horo ne na tunani, kuma wanda ya taɓa kare ra'ayin da ba nasa ba yakan fi sanin inda nasa ra'ayin yake da rauni. Kada ku yar da rabin takardar da ba ku zaɓa ba, za mu dawo kansa.

Mece ce hujja?

A nan ne yawancin insha'in ɗalibai yake faɗuwa, don haka za mu daɗe a kai. Ku karanta wannan sakin layi:

"Harshen uwa yana da muhimmanci ƙwarai. Kowa ya san cewa harshen uwa ya fi Turanci. Duk wanda ba ya son harshensa ba shi da kishi. Saboda haka ya kamata a koyar da yara da harshen uwa, domin yana da muhimmanci."

Hausar wannan ɗalibi ba ta da laifi, amma bai kafa hujja ko ɗaya ba. Jimlar farko da ta ƙarshe abu ɗaya suke faɗi: ya zagaya ya dawo inda ya tashi. Jimla ta biyu ta fake da "kowa ya san", alhali da kowa ya yarda da babu muhawarar. Jimla ta uku kuwa ta bar batun ta koma kan mutane, ta zarge su da rashin kishi. Uwar da take son ɗanta ya iya Turanci don ya sami shiga jami'a, idan ta karanta wannan, ranta ne zai ɓaci, ra'ayinta kuwa yana nan yadda yake.

Cikakkiyar hujja tana da sassa uku. Akwai da'awa, wato abin da mai rubutu yake cewa gaskiya ne. Akwai shaida, wato abin da zai nuna don a gaskata shi: wani abu da ya faru, ko bincike, ko doka, ko abin da mai karatu yake gani da idonsa kullum. Sannan akwai bayani, wato jimlolin da suke ɗaure shaidar da matsayar. Ga yadda wani ɗalibin zai iya rubuta wannan sakin layi:

"Hujjata ta farko ita ce, yaro ya fi saurin fahimtar darasi idan an koyar da shi da harshen da yake ji a gida. An taɓa gwada wannan a Nijeriya. A shekarar 1970 Jami'ar Ife ta soma wani gwaji na shekara shida a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babatunde Fafunwa. An koyar da wani rukunin yara darussansu da Yarbanci tun daga aji ɗaya har zuwa aji shida, Turanci kuwa ana koyar da shi a matsayin darasi guda. Wani rukunin kuma an fara musu da Yarbanci, sannan aka juya zuwa Turanci daga aji huɗu. Da aka auna ƙoƙarinsu, sai aka ga waɗanda suka yi karatu da Yarbanci sun fi takwarorinsu a darussa da dama, kuma Turancinsu bai yi rauni ba. Wannan ya nuna cewa harshen uwa ba ya toshe wa yaro hanyar Turanci. Yaron da ya gane rabawa da ninkawa da harshensa, kalmomin Turanci kawai suka rage masa ya koya. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, wato harshen da kuma darasin."

Ku lura da aikin kowace jimla. Ta farko ita ce da'awa. Daga "An taɓa gwada wannan" zuwa "bai yi rauni ba" shaida ce, kuma shaida mai suna, mai shekara, mai wuri, wadda mai shakka zai iya zuwa ya bincika. Jimloli ukun ƙarshe su ne bayani. Ɗalibai sukan manta da bayani, suna zaton shaida za ta yi magana da kanta. Ba ta yi. Mai karatu zai iya karanta labarin Ife ya ce, "To, sai me?" Aikin mai rubutu ne ya amsa masa wannan tambaya.

Ku lura kuma cewa duk sakin layin hujja guda ya ɗauka. Idan wata hujjar ta zo, misali cewa iyayen da ba su yi boko ba za su iya taimaka wa yaro da aikin gida idan da harshensu aka ba shi, sai a buɗe mata nata sakin layin. Hujjoji uku da aka cika su sun fi bakwai da aka ambata a guje.

Wani zai ce, "A ɗakin jarrabawa ina zan sami labari irin na Ife?" Gaskiya ne, ba kullum ake tuna bincike ba. Amma shaida ba sai ta fito daga littafi ba. Abin da yake faruwa a aji ɗaya na makarantar unguwarku shaida ne, muddin kun faɗe shi yadda yake. Abin da bai halatta ba shi ne ƙirƙirar adadi. Wasu ɗalibai sukan rubuta "kashi 80 cikin 100 na yara", ba don sun karanta shi a ko'ina ba, sai don adadi yana da kwarjini. Idan mai karatu ya kama ƙarya guda, zai daina yarda da sauran maganar, har da wadda take gaskiya. Idan ba ku da adadi, ku ce "yara da yawa", ku ci gaba.

Maganar ɗaya ɓangaren

Yanzu mu koma ga rabin takardar da muka ajiye. Masu sukar batun ba su rasa abin cewa ba. Za su ce, an yi gwajin Ife ne a yankin da kusan kowane yaro Yarbanci yake ji a gida. Me za a yi a aji guda a Legas ko Fatakwal ko Jos, inda ake samun yaran Igbo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da Ijo a benci ɗaya? Za su ƙara da cewa yaran gwajin sun sami malaman Turanci na musamman, abin da makarantu da yawa ba su da shi, don haka ba za a ce harshen uwa kaɗai ne ya kawo nasarar ba. Za su tuna mana cewa Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, kuma da yawa daga cikinsu ba su da littattafan lissafi ko na kimiyya. Daga ƙarshe za su ce jarrabawar WAEC da ta NECO da Turanci ake rubuta yawancin darussansu, kuma sai da sakamako mai kyau a Turanci ake shiga jami'a.

Waɗannan hujjoji ne masu nauyi. Ɗalibin da ya zaɓi sukar batun zai iya gina insha'i mai kyau a kansu. Wanda ya zaɓi goyon baya kuwa bai kamata ya yi kamar bai san da su ba, domin mai karatu ya san da su. Abin da ya dace shi ne ya ɗauki mafi ƙarfi a cikinsu, ya faɗe ta da adalci, sannan ya amsa:

"Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa ba zai yiwu a birane ba, inda yara masu harsuna daban-daban suke zaune a aji guda. Wannan matsala ce ta gaske. Sai dai Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta riga ta hango ta, domin ta yi maganar harshen uwa ko harshen da jama'ar yankin suke amfani da shi. Yaron da aka haifa a Ibadan, ko daga ina iyayensa suka fito, yakan ji Yarbanci a wurin wasa tun kafin ya shiga makaranta. Inda babu harshe guda da ya game unguwa, ana iya barin Turanci. Amma wahalar da take cikin wasu birane ba dalili ba ce na hana yaran ƙauyuka da garuruwa masu harshe ɗaya abin da zai amfane su."

Wannan ɗalibi ya yi abu uku masu kyau. Bai rage wa maganar abokan hamayya ƙarfi ba. Ya amsa cewa akwai gaskiya a cikinta. Sannan ya nuna iyakar inda gaskiyar ta tsaya. Har ya ɗan ja da baya, ya bar musu wasu unguwannin birni. Wasu suna ganin irin wannan sassauci rauni ne. A ganina shi ne yake sa mai karatu ya amince da marubuci, domin ya ga mutum ne mai auna magana.

Akwai wata dabara mara kyau da ya kamata a guje mata: a laƙaba wa abokin hamayya maganar da bai faɗa ba, don a ji daɗin rusa ta. Misali, a ce "Suna so a kashe harsunanmu." Ba su ce haka ba. Cewa suka yi a koyar da lissafi da Turanci. Haka nan mai suka bai kamata ya ce masu goyon baya suna so a daina koyar da Turanci ba. Wata dabarar kuma ita ce yin kuɗin goro, wato a ga misali ɗaya a yanke hukunci a kan kowa: "Maƙwabcinmu da Turanci ya fara karatu, yanzu likita ne, saboda haka Turanci ya fi." Mutum ɗaya bai isa shaida a kan miliyoyin yara ba.

Karin magana fa? Masu koyon Hausa suna son sa ta a rubutu, kuma tana ƙawata shi idan ta faɗa a gurbinta. Amma ku sani karin magana ado ce, ba ta zama shaida. Idan kuka ce "Sannu ba ta hana zuwa", abokin hamayya zai ce "A bari ya huce shi ke kawo rabon wani", kun yi kunnen doki ke nan. Ku kafa hujja tukuna, sannan idan akwai karin maganar da ta dace, ku sa guda a ƙarshen sakin layin. Biyu ko uku sun isa a insha'i ɗaya.

Tsarin rubutun

Gabatarwa sakin layi guda ce, gajeriya: ta faɗi batun, ta nuna dalilin da ya sa ya shafi mai karatu, ta bayyana matsaya. Gundarin rubutu shi ne hujjojin, kowace da sakin layinta, sai sakin layin da yake amsa wa masu hamayya. Yana da kyau a fara da hujja mai ƙarfi, a ajiye wadda ta fi kowace ƙarfi zuwa ƙarshe. A kammalawa ana sake jaddada matsaya da wasu kalmomi, ana faɗin abin da ake so a yi. Ba a kawo sabuwar hujja a kammalawa, domin babu sauran wurin da za a kare ta.

Wani lokaci tambayar takan ce ku rubuta jawabin da za ku gabatar a taron muhawara na makaranta. A nan sai a fara da gaisuwa bisa girma: "Shugaban taro, alƙalan muhawara, mai kula da lokaci, abokan hamayyata, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku." A ƙarshe kuma a yi godiya. Idan tambayar ba ta ambaci taro ba, ba a bukatar wannan gaisuwa. A rubuta kan magana a sama, a shiga gabatarwa.

Hausar muhawara

Akwai kalmomin da suke nuna wa mai karatu inda tunani ya dosa. Idan ana ƙara hujja a kan hujja, akan ce "haka kuma", "bugu da ƙari", "har ila yau". Idan za a juya, akan ce "amma", "sai dai", "duk da haka". Idan za a amsa wata gaskiya kafin a ja da ita, akan fara da "ko da yake". Idan an zo sakamako, akan ce "saboda haka" ko "don haka". Kalmar ƙarshen nan tana da haɗari. Duk inda kuka rubuta "saboda haka", ku tsaya ku tambayi kanku: shin abin da ya biyo baya ya fito daga abin da ya gabata? A sakin layin da muka fara karantawa akwai "saboda haka", amma babu abin da ta ɗaure.

Wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne yakan yi tuntuɓe a jinsi, kuma kalmomin muhawara sun rabu gida biyu. Hujja da matsaya mata ne: "hujjata ta farko ita ce", "matsayata ita ce". Dalili da ra'ayi da batu maza ne: "dalilina na farko shi ne", "ra'ayina shi ne". Gwamnati mace ce, don haka "gwamnati ta ce". Idan jam'i ne, babu bambanci: "hujjojina su ne", "dalilaina su ne". Ku lura kuma da abin da yake biyo bayan "da" a jimla irin wannan: ana cewa "yaran da suka yi karatu", ba "yaran da sun yi karatu" ba, "yaran da suke zaune", ba "yaran da suna zaune" ba.

Sai haruffa masu lanƙwasa. "Kafa" hujja daban, "ƙafa" ta tafiya daban. "Ƙasa" ita ce Nijeriya, "kasa" kuwa gazawa ce. Wanda ya bar lanƙwasar a irin waɗannan kalmomi ya sauya ma'anar jimlarsa, kuma masu duba takarda suna lura da ƙa'idojin rubutu kamar yadda suke lura da hujja da tsari. Ku bar minti kaɗan a ƙarshe don ku bi rubutun layi-layi kuna duba ƙ da ɗ da ɓ.

Aiki

Ku koma ga batun harshen uwa, ku ɗauki ɓangaren masu suka. Ku rubuta sakin layi guda mai da'awa da shaida da bayani, kuna amfani da abin da kuka sani game da harsunan da ake ji a ajinku ko unguwarku. Sannan ku rubuta sakin layi na biyu da zai amsa hujjar gwajin Ife, ba tare da kun musanta sakamakonsa ba. Idan kun gama, ku musanya takarda da na kusa da ku. Kowa ya ja layi a ƙarƙashin shaidar da abokinsa ya kawo, ya kuma sa alamar tambaya a gefen duk "saboda haka" da bai gamsu da ita ba.